Tsawon Waya ko Ingancin Mahaɗa? Nazari kan Wurin Ɗaura Negatif ɗin Amfilifayar Mota

Tsakure

Maƙalar ta auna ƙa'idar da ke cewa wayar negatif ɗin amfilifaya kada ta wuce inci 18. Lissafi ya nuna asarar wuta ta fi faruwa a mahaɗar waya da bodi, tsawon waya kuwa kaɗan yake ci.

Gabatarwa

A motoci masu volt 12, ƙarfen bodi ne ke mayar da wuta zuwa batir. Masu haɗa kiɗan mota sun riƙe ƙa'idar gajeriyar waya tamkar karatun allo, har mutum ya ɗaura a notin da ya fi kusa, ko da fenti ya rufe shi. Notin bel ɗin kujera ya fi shan wannan wahala, alhali zarensa kan zo da maganin hana kwancewa, kuma taɓa shi wasa ne da rai.

Hanyar nazari

An bi dokar Ohm ta 1827. An ƙaddara amfilifaya mai watt 1000, ingancinta kashi 80 cikin ɗari, a kan volt 13.8. Za ta ja kusan amfiya 90.

Sakamako

Wayar jan ƙarfe mai kaurin milimita murabba'i 21 tana da turjiyar kusan ohm 0.0008 a kowace mita. Ƙarin mita guda cur zai cinye volt 0.07 kacal. To, a ƙaddara mahaɗa mai fenti ko tsatsa ta kai ohm 0.02: asarar ta zama volt 1.8, ninki 25 ke nan, ga zafin watt 162 tattare a kan noti ɗaya. Nan ne robar waya ke narkewa, amfilifaya ta riƙa ɗaukewa in ganga ta buga, kukan altaneta ya shigo lasifika yana hawa da totur.

Karce fenti ma bai wadatar ba. Bodin motocin yanzu falle-falle ne da aka haɗa da ɗigon walda da gam, don haka ƙarfe na iya yin ƙyalli alhali hanyarsa zuwa batir ƙunci gare ta. Ƙaramar mitar hannu ba ta gano wannan, domin turjiyar wayoyinta kaɗai ta ninka abin da ake nema. Sai dai a ƙure kiɗa, a auna volt tsakanin negatif ɗin amfilifaya da na batir. In ya doshi rabin volt, a sauya wuri: ƙarfe mai kauri, a goge da samfefa, a ɗaure tam, a shafa giris a kai.

Iyakoki

Lissafin ya ɗauka amfilifaya na jan wuta ba yankewa, kiɗa kuwa hawa da sauka yake. Bai kuma shafi bodin alminiyam ba, irin na Ford F-150 tun samfurin 2015, inda haɗuwarsa da jan ƙarfe ke cin mahaɗar.