BABI NA BIYU: TARIHIN SANA'AR MAI ƊAUKAR HOTON TALABIJIN A ƘASAR KANO

2.0 Gabatarwa

Wannan babi zai yi ƙoƙarin bin diddigin sana'ar mai ɗaukar hoton talabijin a ƙasar Kano, tare da duba yadda aikinsa ya shafi karkara irin ta Ƙaramar Hukumar Tofa. Manufar babin ita ce a nuna cewa abin da mai kallo ya sani game da ƙauye ta hanyar akwatin talabijin ya dogara ne a kan abubuwa biyu, wato kayan aikin da ke hannun mai ɗaukar hoto, da kuma iyakar inda aka yarda ya kafa kyamararsa.

2.1 Tushen Sana'ar

Sana'ar ta girmi talabijin. A shekarar 1939 gwamnatin Ingila ta kafa sashen shirya finafinai domin ƙasashen da take mulka, a ƙarƙashin William Sellers, wanda ya taɓa aikin kiwon lafiya a Nijeriya. A Arewa, mota ce ke yawo gari-gari da abin da Hausawa suka kira majigi. Akan kafa farin ƙyalle a fili bayan magariba, a nuna finafinan tsafta da na noman gyaɗa da auduga, mai sharhi yana bayani da Hausa. Baban Larai na cikin finafinan da aka fi tunawa da su. Daga wannan gida ne aka sami ƙwararru irin su Adamu Halilu, wanda ya shirya fim ɗin Shehu Umar a 1976. Abin lura a nan shi ne, tun farko kyamara ta shiga karkara ne a matsayin 'yar saƙon hukuma, kuma wannan gado ya bi mai ɗaukar hoto har cikin talabijin.

2.2 Zuwan Talabijin

An buɗe gidan talabijin na farko a Nijeriya a Ibadan ranar 31 ga Oktoba, 1959. Na Jihar Arewa ya biyo baya a Kaduna a 1962. A shekarar 1977 gwamnatin soja ta tattara gidajen talabijin na ƙasar a ƙarƙashin hukuma guda, wadda aka fi sani da NTA, kuma tashar Kano na cikinsu. Bayan dawowar mulkin farar hula, gwamnatin Alhaji Abubakar Rimi (1979–1983) ta kafa tashar jiha mai suna CTV 67, wadda aka sauya wa suna zuwa ARTV bayan rasuwarsa a 2010.

Ta fuskar horo kuwa, NTA ta buɗe kwalejin talabijin a Jos a 1980. Duk da haka, da yawa a bakin aiki suka koyi sana'ar, kamar yadda ɗan koyo ke yi a maƙera. Yaro yakan fara da ɗaukar batir da jan waya, ya koma riƙe fitila, sa'an nan a ba shi kyamara a ɗakin shirye-shirye, inda darakta ke gaya masa abin da zai yi ta na'urar kunne. Sai ya goge ake tura shi waje, inda babu mai yi masa jagora sai idonsa.

2.3 Kayan Aiki da Tasirinsu

A zamanin farko da fim mai faɗin milimita 16 ake ɗaukar labarai. Naɗi mai tsawon ƙafa 100 bai kai minti uku ba, kuma ba a ganin abin da aka ɗauka sai an wanke shi. Wannan ya koya wa ma'aikatan wancan lokaci tsimi da tsara hoto a zuci kafin a taɓa maɓalli.

Kamfanin Sony ya fito da kaset na U-matic a 1971. Ƙaramin kaset ɗinsa na fita waje yana ɗaukar minti 20, amma kyamara daban take, rakoda daban, an haɗa su da waya. Saboda haka aikin na mutum biyu ne, ɗaya na saɓe da kyamara, ɗaya na rataye da rakoda a bayansa. Betacam, wadda ta fito a 1982, ta ba da damar haɗa su wuri guda. Ƙananan kyamarori na dijital kuwa sun fara fitowa a 1995. Duk lokacin da kaya suka ragu, mai ɗaukar hoto yakan ƙara nisa daga bakin kwalta.

2.4 Aiki a Karkarar Tofa

Tofa tana yamma da birnin Kano, cikin yankin nan da masanin labarin ƙasa Michael Mortimore ya yi bincike a kansa saboda yawan jama'a da noma gona ɗaya shekara da shekaru ba hutu. Garuruwanta sun haɗa da Lambu da Langel da Janguza da Doka. Kusancin irin wannan yanki da birni yana da muhimmanci ga ma'aikacin talabijin, domin yana iya fita da safe ya dawo da abin da ya ɗauka kafin labaran dare.

Matsala ta farko ita ce haske. Da rana tsaka, farar riga takan rinjayi kyamara, fuskar mai ita ta dushe. Gogaggen ma'aikaci yakan auna haske a kan fuska, ya ja mai magana zuwa inuwar ɗorawa, ko ya jira hantsi ko la'asar. Kafin ya fara kuma sai ya nuna wa kyamara farar takarda domin ta daidaita launi. Da hunturu, hazo yakan shafe nesa, a zamanin kaset kuma ƙura takan shiga kan rakoda ta ɓata hoto.

Ta biyu ita ce al'ada. Baƙo ba ya kafa kyamara a gari sai ya gai da dagaci ko mai unguwa. Bugu da ƙari, da yake sana'ar ta maza ce galibi, iyakarsa zaure. Sakamakon haka, ana ganin huɗa da girbin gero da dawa, amma surfe da matsar man gyaɗa da tuyar ƙuli-ƙuli, waɗanda mata ke yi a cikin gida, ba safai suke fitowa ba.

Ta uku ita ce manufar fitar. Sau da yawa rakiyar wani babba ce ke kai kyamara ƙauye, alal misali rabon taki ko buɗe rijiyar burtsatse. Ke nan rumfar manyan baƙi ce gaba, manomi kuwa taro ne a baya. A nan ake gane gwani, domin shi ne ke satar daƙiƙu kaɗan ya ɗauki hannun manomi, ko rumbu, ko jaki ɗauke da mangalar taki. Da waɗannan gutsattsari mai tacewa ke haɗa labari, kuma su ne suka fi zama shaida ga masu nazarin tarihi.

2.5 Daga Talabijin zuwa Bidiyo

Wasannin kwaikwayo na talabijin irin su Samanja da Karkuzu da Kuliya Manta Sabo sun zama makaranta ga masu ɗaukar hoto, domin a can suka saba da kusanto da fuska da bin motsin ɗan wasa. Da kyamarar VHS ta yawaita, sai aikin ya fita daga hannun hukuma zuwa ɗaukar biki da suna da naɗin sarauta. A 1990 ƙungiyar Tumbin Giwa ta Kano ta fitar da Turmin Danya, wanda ake lasaftawa a matsayin mafarin finafinan Hausa na bidiyo. Dokar 1992 ta ba 'yan kasuwa damar kafa tashoshi, kuma a 2014 aka buɗe Arewa24. Yanzu matashi a Lambu yana iya ɗaukar hoto da wayarsa, mata ma suna ɗaukar abin da ke bayan zaure.

2.6 Kammalawa

A wannan babi an ga yadda sana'ar ta taso daga majigi zuwa talabijin, ta kuma haifar da ta bidiyo. An kuma ga cewa hoton karkara bai cika ba, saboda nauyin kaya da al'ada da manufar hukuma. Wanda aka samu ɗin ma yana cikin haɗari, domin tsadar kaset ta sa gidajen talabijin da dama a duniya, har da BBC, sun riƙa goge tsofaffin shirye-shirye su ɗora sababbi, zafi da ƙura kuma suna cin wanda ya rage. Saboda haka akwai buƙatar a mayar da sauran kaset-kaset zuwa kwamfuta, a kuma tattauna da tsofaffin ma'aikatan tun suna raye. Babi na gaba zai duba kalmomin da masu wannan sana'a ke amfani da su a bakin aiki.