Duba Ido da Lalacewar Jijiyoyi a Ƙasar Sakkwato

Tun kafin a ƙera na'urorin da ke ɗaukar hoton jijiya, masu jinyar kuturta a ƙasar Sakkwato sun san cewa ido yana tona abin da cutar ta ɓata a ɓoye. Abin da ake nufi da jijiya a nan shi ne zaren da ke kai saƙon ji da motsi tsakanin ƙwaƙwalwa da gaɓoɓi, wanda ƙwayar kuturta, da likita Hansen na ƙasar Norway ya gano a 1873, take ci sannu a hankali har hannu ya daina jin wuta.

A ƙarshen shekarun 1930 ƙungiyar mishan ta SIM ta karɓi kula da sansanonin kutare na larduna, wato Yadakunya a Kano, da Babbar Ruga a Katsina, da Amanawa a Sakkwato, wadda aka tanada domin lardin baki ɗaya. Gwajin da aka gada a wannan aiki bai buƙatar kayan tsada: malamin asibiti yakan umarci majinyaci ya rufe idanu, domin fatar idon da ta ƙi haɗuwa alama ce ta raunin jijiyar fuska, sannan yakan taɓa tantanin da ya lulluɓe baƙin ido da silin auduga, idan mutum bai ƙifta ba, sai a san jin wurin ya mutu. Irin wannan ido ƙura da iskar hunturu suna busar da shi, gyambo ya fito mai shi bai sani ba, kuma babu makanta mai tsanani kamar ta wanda yatsunsa ba su iya lalube. Shi ya sa ma'aunin nakasa na Hukumar Lafiya ta Duniya ya jera ido tare da hannu da ƙafa.

Haɗin magunguna da hukumar ta ba da shawararsa a 1981 ya rage kutare ƙwarai, sai ciwon suga ya zama babban mai kashe jijiyoyin ƙafa. A 2003 Rayaz Malik da abokan aikinsa a Manchester ta Ingila suka nuna cewa madubin da ke ɗaukar hoton zaren jijiyoyin tantanin ido yana bayyana girman lalacewar da suga ya yi, ba tare da an yanki fatar ƙafa don gwaji ba.