Kogin da ke tsara wa matafiyi hanya

Duk wanda ya shimfiɗa taswira zai zaga kwazazzaban Arizona a Amurka da mota, kogin Kolorado ne ke yanke masa hanya. Tsakanin gaɓar kudu da ta arewa na Grand Canyon kimanin kilomita 16 ne, amma direba sai ya ci fiye da 300, domin mashiga ta yi ƙaranci.

Tun 1873 jirgin fito na Lees Ferry ke ƙetarar da kekunan doki, daga baya motoci. A 1928 ya kife, mutum uku suka rasu. A Janairun 1929 aka buɗe gadar Navajo a kusa, wadda a ganina ita ta mayar da yankin wurin yawon mota. Sabuwar gadar 1995 tana gefenta, tsohuwar an bar wa masu tafiya a ƙasa.