Kalmar Amana a Zangunan Hausawa na Gabashin Nijeriya

A bakin 'yan siyasa, amana takan zama ado na jawabi. Amma a zangunan Hausawa na Fatakwal da Anaca da Enugu, kalmar ta taso ne da ma'ana mai nauyi. Bafatake yakan sauka da shanunsa wurin mai masauki, dillali ya sayar da su bashi, ba takarda ba sa hannu. Wanda ya ci amana sau ɗaya, labarinsa yakan riga shi isa Kano, kasuwarsa kuma ta mutu. Ke nan amana ita ce jarin baƙo.

Daga kasuwa kalmar ta shiga fagen mulki. A shekarun 1950, Malam Umaru Altine, mutumin ƙasar Sakkwato kuma ɗan jam'iyyar NCNC, ya zama magajin garin Enugu na farko. 'Yan gari ne suka damƙa wa baƙo amanar garinsu.

Rikicin 1966 ya girgiza wannan ma'ana. An kashe Inyamurai a Arewa, 'yan Arewa kuma suka bar Gabas, sannan yaƙi ya ɓarke daga 1967 zuwa 1970. Bayan yaƙin, a Fatakwal an kira gidajen Inyamurai dukiyar da aka yasar, alhali a Arewa an sami maƙwabtan da suka mayar wa masu gidaje gidajensu har da kuɗin haya.

Don haka idan mai mulki ya ambaci amana, sai a tambaye shi: me aka ba shi ajiya, kuma yaushe zai mayar?