Tsawon Rai ko Ranar Suna: Awo da Tarihin Damagaram

A fadar Damagaram, kamar sauran fadojin ƙasar Hausa da Barno, sarki yakan ji murya biyu a zama ɗaya. Bafade ya faɗi ya ce ranka ya daɗe, Allah ya ja zamani. Maroƙi kuma ya ɗaga murya yana wasa shi da cewa namiji ne, ba ya gudun mutuwa. Ɗaya na roƙa masa shekaru, ɗaya na zuga shi zuwa ranar da za ta iya yanke su. Al'ummar da ke faɗin duka biyun ba ta taɓa raba gardamar ba: wanne ya fi, rai mai tsawo ko 'yan kwanakin da ba a mantawa? Ni dai ina bayan tsawon rai, kuma ina ganin tarihin Zindar, babban birnin Damagaram, ya isa hujja, ko da yake mutumin da ya fi ƙarfafa ɗaya ɓangaren shi ma daga wannan birnin ya fito.

Shi ne Sarki Ahmadu ɗan Tanimu, Kuran Daga. Ya hau gado a 1893, shekarar da Rabe ya rusa daular Barno wadda Damagaram ta daɗe tana kai wa gaisuwa. Shekara shida kacal ya yi. A cikinsu ya kai yaƙi ƙasar Kano a zamanin Sarki Alu. A watan Mayu 1898 aka kashe hafsan Faransa, Kyaftin Cazemajou, a Zindar, saboda fada na zargin zai wuce ya ƙulla da Rabe. Ramuwa ba ta jima ba. A ƙarshen Yuli 1899 ragowar rundunar Faransa ta Voulet da Chanoine, wadda ta riga ta yi wa Birnin Konni kisan gilla a kan hanyarta, ta gamu da dakarun Damagaram a Tirmini, yamma da birni. Bindigogin Nasara suka rinjayi dawaki. Sarki ya fita daga birni, aka bi sawunsa, aka kashe shi a watan Satumba. Yau babbar makarantar sakandaren Zindar sunansa take ɗauke da shi, kuma yaron da bai iya lissafa sarakunan Damagaram ba ya san Kuran Daga.

Duk mai son ya ce tsawon rai ya fi, dole ya tsaya a nan ya yi adalci. Akwai lokacin da tsira da rai ke nufin miƙa wuya ga wanda ya zo ƙwace ƙasa, kuma mutumin da ya ƙi bai yi wauta ba. Ya bar wa jikokinsa abin da za su ɗaga kai da shi a shekaru sittin na mulkin mallaka. Tsoffin Girkawa ma sun san wannan zaɓi, domin jaruminsu Akilis an ba shi hanya biyu, ya koma gida ya tsufa ba suna, ko ya mutu da ƙuruciya a ambace shi har abada, kuma ya ɗauki ta biyu. Ba na musun darajar ranar Tirmini. Abin da nake tambaya shi ne daga ina ta samo nauyinta.

Daga shekarun mahaifinsa ta samo shi. Tanimu ɗan Sulaimanu ya yi wajen shekara talatin yana mulki har rasuwarsa a 1884. A zamaninsa aka kewaye Birni da ganuwa, maƙera suka riƙa zuba igwa a cikin gari, ƙasa ta faɗaɗa, ayarin raƙuma daga Tarabulus ta Agadas suka riƙa sauka a Zango da hajar arewa suna komawa da fatu da gashin jimina. Ba ɗaya daga cikin waɗannan da ake yi a yini guda. Ganuwa aikin rani bayan rani ce. Amincin da zai sa fatake su dawo baɗi sai an shekara ana gwada shi. Da Tanimu ya faɗi a fagen fama a shekararsa ta shida, da Damagaram ɗin da Faransawa suka tarar ba ta kai a tsaya a mutu dominta ba, da kuma ba rundunar da za ta fita Tirmini. Marigayi André Salifou, ɗan Zindar wanda ya rubuta tarihin masarautar a ƙarni na 19, kan Tanimu ya gina wasan kwaikwayonsa, kuma a ganina ya gane inda ƙashin bayan daular yake.

To me ya sa zuciya ke karkata ga gajeren zamani mai walƙiya? Masana halayyar ɗan Adam sun ba da bayani mai gamsarwa. A wani gwaji da Daniel Kahneman da abokan aikinsa suka wallafa a 1993, an sa mutane su tsoma hannu cikin ruwa mai tsananin sanyi na daƙiƙa 60. A wani zagayen suka yi daƙiƙa 60 ɗin, aka ƙara musu 30 ruwan na ɗan sassautawa. Da aka ce su zaɓi wanda za su maimaita, mafi yawa suka zaɓi mai tsawon, alhali wahalarsa ta fi. Tunawa ba ta ƙirga tsawon lokaci. Ƙololuwa take riƙewa, da yadda abu ya ƙare. Abin da ke faruwa a kan mutum ɗaya shi ke faruwa a bakin maroƙa da littattafan makaranta. Kirari ba shi da gurbin shekara ashirin na zaman lafiya, domin ba abin da za a buga wa tambari a cikinsu. Saboda haka idan muka ɗora rayuwa a ma'aunin tunawa, mun riga mun yanke hukunci kafin a yi awo.

Akwai kuma tambayar da fada ba ta cika son ji ba: wa ke biyan kuɗin ranar suna? Baturen Ingila James Richardson, da ya zauna a Zindar a farkon 1851, ya rubuta yadda ake fita hari a dawo da bayi, har daga garuruwan da ke ƙarƙashin sarki. Ranar da mahaya suka shigo birni da ganima ana guɗa, ita ce ranar da rayuwar wasu ɗaruruwa ta karye. Wannan zargi ya hau kan zamanin Tanimu ma, ba na cire shi. A Tirmini kuwa sunan mutum ɗaya ya tsira, dakarun da suka kwanta a wurin ba wanda ya riƙe nasu. Su ba a ba su zaɓin Akilis ba. An gajarta musu rai, sunan kuma ya tafi ga wani.

Wanda ya zaɓi tsira ma yana da nasa labarin. Ahmadu ɗan Basa, wanda Faransawa suka naɗa a 1899, ya karɓi sarauta daga hannun da ya kashe magabacinsa, abin da maroƙi ba zai so wasawa ba. Amma a 1906 shi Nasara suka tuɓe bisa zargin shirya musu tawaye, suka kore shi zuwa Kodibuwa, suka bar gadon ba sarki sai a 1923. Wanda ya haƙura ya rayu, ranarsa na iya zuwa daga baya. Wanda ya mutu a shekara ta farko ya rufe wannan ƙofar.

Malaman Birni za su ƙara da cewa addini ya san rana mai fifiko, tun da dare ɗaya cikin Ramadan ya fi wata dubu, wato sama da shekara 83. Gaskiya ne. Sai dai an ɓoye daren, ba mai iya nuna shi da yatsa, kuma samunsa sai ga wanda ya yi ta tsayuwa dare bayan dare, azumi bayan azumi. Koyarwar Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ta fifita wanda ransa ya yi tsawo aikinsa ya yi kyau, ta kuma hana mumini fatan mutuwa don wata cuta da ta same shi.

Gardamar tana da amfani yau saboda tsawon rai a Nijar sabon abu ne, kuma da wahala aka same shi. A 1960 matsakaicin shekarun da ake sa ran jariri zai yi bai kai 40 ba, yanzu ya haura 60. Binciken da mujallar likitanci ta Lancet ta buga a 2012 ya nuna mutuwar yara 'yan ƙasa da shekara biyar ta sauka daga 226 cikin dubu a 1998 zuwa 128 a 2009. Abubuwan da suka kawo haka ba masu kirari ba ne: gidan sauro, ƙananan ɗakunan shan magani a ƙauyuka, maganin tamowa bayan yunwar 2005 da ta ci yankunan Maradi da Zindar, da duba yara da masu juna biyu kyauta. Ina ganin wannan ya fi kowane yaƙi da Damagaram ta taɓa ci, kuma yana min ciwo cewa ungozomar da ta yi shekara talatin tana karɓar haihuwa a Mirya ko Magarya ba ta da mai wasa ta.

Yaran da aka ceto a waɗancan shekaru su ne samarin yau. Fim ɗin Aisha Maki mai suna Zinder, na 2021, ya shiga unguwar Kara-Kara ya nuna 'yan pale, masu ɗaga ƙarfe da faɗan unguwa, da masu safarar man ruwa-ruwa daga iyakar Najeriya a guje cikin dare. Ana yawan cewa sun raina rai ne. Ni ina ganin lissafi suke yi. Saurayin da bai ga abin da shekara hamsin masu zuwa za su ƙunsa ba, in ban da zaman hira da shayi, zai sayar da su da arha don rana ɗaya da za a kira sunansa. Wa'azi kan haƙuri ba zai taɓa shi ba muddin shekarun da ake ce masa ya tanada wofi ne. Matatar mai ta SORAZ tana aiki a arewacin birnin tun 2011, jami'a na yaye ɗalibai, amma yawancin waɗannan samari ba su da ƙofar shiga ko ɗaya. Hukumomin da suka iya raba gidan sauro har ƙauyen da mota ba ta zuwa, su ake jira su kai koyon sana'a da jari da wurin aiki cikin Kara-Kara.