Cocin Garkida Da Maƙabartarta: Yadda Baƙo Ke Zama Ɗan Gari

Duk wanda ya saba bin hanyar Mubi zuwa Hong ya san Kwarhi, nan kusa da Mararraba, inda hedkwatar cocin EYN take. Da yawanmu muna ciniki da mutanenta, 'ya'yanmu na zama aji ɗaya da nasu, amma kaɗan ne suka san cewa tushen wannan coci yana wani ƙauye ne a bakin kogin Hawul, wato Garkida, cikin ƙaramar hukumar Gombi, kan hanyar zuwa Biu. Tarihin cocin ƙauyen nan da maƙabartarta nake so mu duba, don akwai abin da ya shafe mu a ciki, mu Hausawa mazauna Mubi.

A zamanin Turawa kowace mishan da yankinta. Mutanen Sikotilan, masu cocin Firesbiteriyan, sun sauka Kalaba tun 1846. Mutanen Denmak suka kafa zango a Numan a 1913. Mu kuwa nan gabas, rabonmu ya faɗo kan wata ƙaramar ɗariƙa ta Amurka da ake kira 'Yan'uwa. Mutum biyu ta aiko, Stover Kulp da Albert Helser. Biu suka nufa tun farko, amma Sarkin Biu da jami'an mulkin mallaka ba su yarda ba, don ƙa'idar Turawa a lokacin ita ce kada mishan ta zauna ƙasar sarkin Musulmi sai da izininsa. Bayan kai-komo aka bar musu Garkida, cikin Burawa. Ranar 17 ga Maris 1923 suka yi addu'arsu ta farko a gindin wata tsamiya, kuma daga wannan rana cocin ke ƙirga shekarunta har gobe.

Ba a daɗe ba sai ga kabari. Matar Kulp, mai suna Ruth, ta biyo mijinta, a watan Yuni 1924 ta rasu wajen haihuwa, jaririn ma bai zo da rai mai tsawo ba. A Garkida aka binne su. Ku lura fa, a lokacin ko mutum ɗaya bai karɓi addininsu ba, sai a 1927 aka yi wa mutum huɗu na farko baftisma. Ke nan maƙabarta ta riga jama'ar cocin samuwa da shekara uku. Wani da ya tattara komatsansa ya koma gida, ba kuwa mai ganin laifinsa. Shi dai Kulp ya zauna, ya yi shekara arba'in a ƙasar nan, sai a 1963 ya koma Amurka, ya rasu a 1964. Asibitin da aka gina a Garkida sunan matar aka sa masa.

Daga nan aiki ya yaɗu. A 1929 aka buɗe asibitin kutare a Garkida, wanda ya yi suna har masu jinya na zuwa daga nesa, Musulmi da Kirista da masu bin gargajiya. Aka buɗe tasha a Lassa cikin Margi, da Marama, da Chibok a 1941, da makarantar Waka kusa da Biu a 1952. Mubi sai cikin shekarun 1950 suka samu shiga, lokacin muna ƙarƙashin riƙon amana na Majalisar Ɗinkin Duniya, kafin ƙuri'ar 1961 da ta haɗa mu da Nijeriya a matsayin Lardin Sardauna. A 1959 kuma mishan ɗin Basel ta Suwizalan ta zo duwatsun Gwoza, daga baya ta haɗe da su. Ita Basel ɗin nan ita ce uwar cocin Firesbiteriyan ta Gana da ta yammacin Kamaru.

Mutuwa dai ba ta bar su ba. A watan Janairu 1969 wata nas mai suna Laura Wine ta kamu da wani baƙon zazzaɓi a asibitin Lassa, aka ɗauke ta a jirgi zuwa Jos, can ta cika. Zazzaɓin Lassa da duniya ta sani yau, daga sunan wannan gari na maƙwabtanmu aka samo shi.

A 1972 Turawa suka miƙa ragamar cocin ga 'yan ƙasa. Abin da ya kamata mu lura da shi shi ne sunan da suka zaɓa: Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya. Babu Bahaushe cikin waɗanda suka kafa ta, amma da Hausa take amsa sunanta. Dalili kuwa, Bura da Margi da Kilba da Higi da Fali ba sa jin harshen juna, sai Hausa ta zama gadar da ke haɗa su, ga shi an riga an buga Littafi Mai Tsarki da Hausa tun 1932. Harshen da kakanninmu fatake suka shigo da shi kasuwa, shi ne ya shiga coci.

Sai kuma fitinar da duk muka ɗanɗana. A Afrilu 2014 aka sace 'yan matan Chibok, akasarinsu 'ya'yan wannan coci. Ranar 29 ga Oktoba 2014 'yan Boko Haram suka shiga Kwarhi, suka shiga Mubi. Wa zai manta? Liman da fasto hanya ɗaya suka bi, wasu ta duwatsu zuwa Kamaru, wasu Yola. Shugabannin cocin suka yi zaman hijira a Jos kafin su dawo. A 21 ga Fabrairu 2020 aka auka wa Garkida kanta, aka ƙone coci-coci da gidaje. Duk da haka a Maris 2023 suka yi bikin cika shekara ɗari, kuma ba sai sun yi gardamar ranar farawa ba, don komai a rubuce yake: wane ya zo, yaushe ya mutu, ina aka binne shi.

To, nan ne maganar ta iso gare mu. Hausawa sun daɗe a Mubi, suna fataucin shanu da goro da tufafi tsakanin nan da Kamaru da Chadi. Amma yau in yaro ya je neman takardar ɗan asali sai a tambaye shi, ina garin ubanka? Mece ce hujjarmu? Gida ana sayarwa, shago ana canza masa hannu, amma kabari ba ya tashi. Wanda ya binne ubansa da kakansa a gari, ai ya wuce a kira shi baƙo. Sai dai mu, tsoho na rasuwa, bayan sadakar arba'in shi ke nan, in an shekara ashirin ko jikansa ba zai nuna maka wurin ba.

Ba ina cewa mu yi gini kan kabari ba, malamanmu sun hana, kuma mun bi. Amma ba su hana katange maƙabarta ba, ba su hana a nemo mata takardar fili ba, ba su hana littafi ba. Shawarata ga ƙungiya uku ce. Na ɗaya, a sayi babban littafi a ajiye wajen masu kula da maƙabarta, duk wanda aka kai a rubuta sunansa da na mahaifinsa da unguwarsa da ranar rasuwarsa. Na biyu, a sa matasa su zauna da dattawan da suka rage, su ɗauki bayanin wanda ya fara zuwa, daga wane gari, da wace sana'a. Na uku, a bi sawun takardun filayen maƙabartunmu tun kafin masu yankan fuloti su ci gefensu.

Maƙwabtanmu sun fara da tsamiya ɗaya da kabarin uwa da jaririnta, suka riƙe tarihinsu shekara ɗari. Mu da muka gaji alƙalami da tawada tun kaka da kakanni, ba mu da uzuri. Allah ya jiƙan magabatanmu, ya zaunar da Mubi da kewayenta lafiya, amin. Wassalam.