Ƙyallin Turkuɗi da Ilimin Sarrafa Haske a Ƙasar Kano

Idan aka tashi ba da tarihin rini, bakin kowa sai ya nufi Ƙofar Mata, wadda ake cewa an haƙa rijiyoyinta tun 1498. Amma birni kasuwa ce kawai ta wannan sana'a, gindinta yana karkara. A ƙasashen Minjibir, Dawakin Tofa da Bichi, inda gona ke manne da gona ba a barin saura, manomi kan shuka auduga da baba a gefen gero da dawa, da rani kuma ya koma masaƙa ko karofi. Heinrich Barth, da ya iso Kano a 1851, ya ƙiyasta cewa tufafin da ake fitarwa duk shekara sun kai na wuri miliyan 300, ya kuma lura cewa aikin iyalai ne a gidajensu. Abin da nake son kafawa shi ne: fataken da ke bin hanyar Kazaure da Daura zuwa Damagaram da Agadas, ƙyalli suke ɗauke da shi, shuɗin launi kuwa rakiya ya yi.

Shuɗi dai ana samunsa a wurare da dama a Afirka ta Yamma. Abin da ya sa Buzaye ke biyan tsada shi ne aikin mabuga. Bayan an tsoma zane sau da yawa har ya yi baƙi wuluk, sai 'yan bugu su shafa masa garin shuni da ɗan maiƙo, su ninke shi a kan gungume, su yi ta dukansa har zaren ya kwanta, shunin ya zama wata fata siririya mai santsi. A nan abin mamakin yake. Shuni yana haɗiye hasken da ke tsakanin rawaya da ja, shi ya sa ido ke ganinsa shuɗi. To amma idan ya taru ya yi santsi, wannan hasken da ya fi haɗiyewa shi ne kuma fuskarsa ta fi mayarwa, sai rawani ya riƙa walƙiya da jan tagulla idan mai shi ya juya a rana. Kura, a kudancin birni, ita ta yi suna da wannan har ake cewa ɗan Kura, amma saƙa da baban da ke ciyar da mabuga daga ƙauyuka masu yawa suke fitowa.

Wani zai ce wannan cusa kimiyya ne inda ba ta, kuma yana da hujja. Masana haske na yau suna ƙera abin da ake kira lu'ulu'un haske, wanda Eli Yablonovitch da Sajeev John suka fayyace tunaninsa a 1987: ramuka ko layuka da aka jera a kan silikon, tazararsu ba ta kai kashi ɗaya cikin dubu na milimita ba, suna barin wani launi ya wuce su tare wani. Launin gashin ɗawisu ma daga irin wannan jeri yake. Idan aka ɗumama na'urar ko aka ba ta lantarki, sai launin da take zaɓa ya sauya, da haka ake iya tsame saƙo ɗaya daga cikin masu yawa da ke gudu a zaren gilashin intanet. Turkuɗi ba shi da wannan jeri, ɗan bugu kuma bai taɓa auna tsawon zangon haske ba. Sai dai tambayar da shi da masanan suke amsawa guda ce: yaya za a gyara fuskar abu don ta zaɓi hasken da za ta mayar? Ɗan bugu da ido da nauyin hannu yake amsawa, ya san inda duka ya isa da inda zai yaga zane.

Tarihi ma ya goyi bayan wannan karatu. Philip Shea, wanda ya daɗe yana koyar da tarihi a Jami'ar Bayero, ya nuna yadda manyan rijiyoyin da ake daɓe da laso suka bunƙasa rini a ƙarni na 19, wato masu sana'ar suna sabunta dabara, ba gado kawai suke maimaitawa ba. Da kamfanin BASF na Jamus ya fara sayar da shunin masana'anta a 1897, daga baya jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911 da yadin Turawa, gyaɗa kuma ta cinye gonaki, wanda ya fara jin jiki shi ne mai noman baba, sai masaƙi. Bature ya iya zuba launi a gwangwani, ƙyallin kuwa sai an buga, don haka har yau Buzayen Nijar na neman alashon da aka buga a Kura, ko da garin shunin da ke jikinsa na kanti ne.